Maganar da Aka Ajiye: Tarihin Tsara Lokacin Wallafa a Kafafen Sada Zumunta

Daga cikin al'adun da suka kafu a kafafen sada zumunta na intanet cikin shekaru ashirin da suka gabata, akwai wadda masu karatu ba su cika lura da ita ba, alhali kuwa ita ce ke bayan kaso mai yawa na abin da kamfanoni da gidajen jarida da hukumomi ke fitarwa kowace rana, wato al'adar rubuta saƙo tun da wuri, a sanya masa rana da sa'a, sannan a danƙa wa na'ura ta fitar da shi idan lokacin ya cika, ko marubucin yana barci, ko yana kan hanya, ko ma ya manta da abin da ya rubuta. Wannan al'ada, wadda za a kira tsara lokacin wallafa, ta cancanci a bi diddiginta saboda kafafen sada zumunta sun samu karɓuwa ne bisa tunanin cewa mai magana yana nan a daidai lokacin da ake jin sa, kuma idan aka mayar masa da martani zai amsa, ita kuwa sai ta raba sa'ar da aka yi maganar da sa'ar da aka ji ta. Amfaninta da haɗarinta duka daga wannan rabuwa suka fito, kuma a kanta ne wata sabuwar sana'a ta ginu, da kayan aikinta da kamfanoninta da ƙa'idojin da ta koya bayan ta sha wuya.

Tushen al'adar ya girmi intanet nesa ba kusa ba, domin tun zamanin da ake jera haruffan ƙarfe a maɗaba'a 'yan jarida suka saba da abin da ake kira takunkumin labari, wanda shi ne yarjejeniyar da hukuma ko kamfani ke yi da manema labarai, a ba su takarda tun kafin lokaci don su karanta su shirya, bisa sharaɗin ba za su buga ba sai wata sa'a da aka ambata. Nauyin da ake bai wa sa'ar fitar da bayani ya bayyana a Birtaniya a watan Nuwamba na 1947, lokacin da ministan kuɗi Hugh Dalton ya tsegunta wa wani ɗan jarida wasu abubuwa daga kasafin kuɗi yana kan hanyarsa ta shiga zauren majalisa, wata jaridar yamma ta buga su kafin ya kai gare su a jawabinsa, washegari kuma ya ajiye muƙaminsa. Haka nan manyan gidajen jarida sun daɗe suna rubuta tarihin rayuwar fitattun mutane su adana tun mutanen suna raye, domin a saki da zarar an tabbatar da rasuwa, kuma jifa-jifa ajiyar takan kuɓuce, kamar yadda kamfanin labarai na Bloomberg ya saki ta'aziyyar Steve Jobs na kamfanin Apple bisa kuskure a watan Agusta na 2008, shekaru uku kafin mutuwarsa.

A rediyo ne matsalar ta fara ɗaukar siffar da take da ita a yau, musamman a Amurka, ƙasar da ke da tazarar sa'o'i uku tsakanin gaɓarta ta gabas da ta yamma. A shekarun 1930 da farkon shekarun 1940 manyan kafofin rediyo irin su NBC da CBS ba su yarda da watsa shirin da aka naɗa ba, saboda sautin faifan wancan lokaci bai da tsabta, kuma suna ganin watsa shiri kai tsaye shi ne ya bambanta su da ƙananan tashoshi, don haka mawaƙa da 'yan wasa da yawa sukan gabatar da shiri ɗaya sau biyu a dare guda, na farko don mutanen gabas, na biyu don mutanen Kalifoniya. Mawaƙi Bing Crosby ya gaji da wannan ƙa'ida, ya koma kafar ABC a 1946 inda aka amince masa ya riƙa naɗar shirinsa, daga 1947 kuma ya fara amfani da na'urar naɗar sauti a kan tef wadda injiniya Jack Mullin ya ɗauko daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ya zuba dala 50,000 a kamfanin Ampex don a ƙera irinta a Amurka. A ranar 30 ga Nuwamba 1956 kafar CBS ta yi amfani da na'urar Ampex ta naɗi labaran talabijin na yamma da Douglas Edwards ke karantawa a New York, ta sake watsa su bayan sa'o'i uku ga masu kallo na yammacin ƙasar. Abin da masu shirye-shirye suka fahimta a waɗannan shekaru shi ne mai sauraro yana da tasa sa'ar, wadda ba lallai ta dace da ta mai magana ba, kuma wanda ya iya ajiye murya ya sake ta a lokacin da mutane suka dawo gida suka zauna ya fi kowa samun kunnuwa.

Dabarar na'ura kuwa ta fito ne daga ɗakunan bincike na Bell Labs a jihar New Jersey, inda aka ƙirƙiri Unix, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da aikin kwamfuta gaba ɗaya. A shekarun 1970 aka sanya wa Unix wata ƙaramar manhaja mai suna cron, wadda aikinta kawai shi ne ta farka kowane minti ɗaya ta duba wani jadawali da aka rubuta mata, wanda kowane layinsa ke ɗauke da minti da sa'a da ranar wata da wata da ranar mako da kuma aikin da ake so, idan ta ga lokacin wani aiki ya yi ta aiwatar da shi, idan babu ta koma ta jira. Paul Vixie ya sake rubuta ta a 1987, kuma samfurinsa ne ya bazu a kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Duk wata manhajar tsara wallafa ta yau, komai kyan fuskarta, irin wannan dabara ce a ƙarƙashinta, domin ana ajiye saƙon da lokacinsa ne a uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfani da ba a kashe ta dare da rana, ita ce kuma ke aika shi idan sa'a ta yi, ko da wayar mai shi a kashe take. Shafukan rubuce-rubuce na ƙashin kai ne suka fara kawo dabarar ga marubuta, inda WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, ta bai wa marubuci damar sanya wa rubutunsa kwanan wata na gaba, Blogger ta kamfanin Google kuma ta bi sahu a 2008.

Zuwan Twitter a 2006 ne ya mayar da abin larura. An gina dandalin a kan gajeren saƙo mai haruffa 140 da ke faɗar abin da mutum yake yi a yanzu, kuma a shekarunsa na farko saƙonnin suna jeruwa ne bisa lokaci kawai, sabo a sama, tsoho yana gangarawa ƙasa har ya ɓace daga gani, ta yadda saƙon da aka fitar da tsakar dare yakan nutse kafin masu karatu su tashi. Mutumin da ke Landan yana neman kunnen mutanen San Francisco, waɗanda ke bayansa da sa'o'i takwas, sai dai ya hana kansa barci, kuma kamfanin Twitter bai tanadi wata hanya ta ajiye saƙo ba. Abin da ya tanada, tun a watan Satumba na 2006, shi ne wata ƙofa da masu gina manhaja ke kira API, wadda ke bai wa manhajar wani kamfani dabam izinin karanta saƙonni da aika su a madadin mai asusu, matuƙar ya ba ta dama. Ta wannan ƙofa ce duk sana'ar ta shigo.

A 2008 kaɗai manhajoji da dama suka ɓullo. Akwai TweetLater, wadda daga baya ta koma SocialOomph, da TweetDeck, wadda Iain Dodsworth ya gina a Ingila don jera saƙonni layi-layi a fuska ɗaya, daga baya aka ƙara mata damar tsara lokaci, har kamfanin Twitter ya saye ta a 2011 a kan kimanin dala miliyan 40. Sai dai wadda ta fi nuna asalin buƙatar ita ce BrightKit, wadda Ryan Holmes da abokan aikinsa suka gina a kamfanin tallace-tallace na Invoke Media da ke Vancouver a Kanada, saboda suna kula da shafukan abokan ciniki da yawa, kuma shiga kowane asusu da fita daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya yana cinye musu yini. A 2009 aka sauya mata suna zuwa Hootsuite, a 2013 kuma masu zuba jari suka sanya mata dala miliyan 165 a zagaye ɗaya, adadin da ya nuna cewa aikin da ake yi wa kallon wasan yara ya zama kasuwa. Shekara guda kafin haka kamfanin Salesforce ya sayi Buddy Media, mai irin wannan aiki ga manyan kamfanoni, a kan dala miliyan 689, yayin da Sprout Social, wadda aka kafa a Chicago a 2010, ta kai ga sayar da hannun jarinta a kasuwar Nasdaq a watan Disamba na 2019.

Buffer ta kawo wani sauyi da ya fi ƙanƙanta a ido amma ya fi tasiri a kan ɗabi'ar masu aiki. Joel Gascoigne, wani matashin mai gina manhaja a Birmingham ta Ingila, ya lura cewa zaɓar rana da sa'a ga kowane saƙo ɗaya-ɗaya shi ma aiki ne mai gajiyarwa, don haka ya tsara abin ta yadda mutum zai zaɓi sa'o'insa sau ɗaya, misali safe da rana da yamma, daga nan sai ya riƙa zuba saƙonni a layi, kowanne ya jira na gabansa ya fita sannan ya hau gurbin da ke biye. Ya gina ta cikin makonni bakwai, ya fitar da ita ranar 30 ga Nuwamba 2010, ya samu mai biya na farko cikin 'yan kwanaki, sannan shi da abokinsa Leo Widrich suka koma San Francisco a 2011. Da tsarin layi ya yaɗu, sai tambayar da mai shafi ke yi wa kansa ta sauya: a da yakan tambayi kansa ko yana da abin faɗa, yanzu kuwa gurabe ne a gabansa da ke jiran a cike su, kuma akwai hujjar a ɗora wa wannan tsari wani ɓangare na alhakin yawaitar saƙonnin da babu komai a cikinsu sai cika wuri.

A wannan tsakanin ne sana'ar mai kula da shafi ta tsaya da ƙafafunta. Ta ari jadawalin wallafa daga mujallu, waɗanda tun da can suke tsara abin da zai fito a kowane bugu watanni kafin lokaci, ta mayar da shi na mako ko na wata, inda ake zama rana ɗaya a rubuta saƙonni, a haɗa musu hotuna, a miƙa wa shugaba ko lauyan kamfani ya duba ya amince, sannan a jera su. Wannan mataki na amincewa yana daga cikin manyan dalilan da suka sa bankuna da kamfanonin magunguna da hukumomin gwamnati suka rungumi tsarin, domin maganar da aka rubuta kwana uku kafin fitarta ana iya tantance ta, wadda aka rubuta nan take kuwa sai dai a yi nadama. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da ma'aikaci, ribar ta fi haka sauƙin fahimta, tunda yana iya gama aikin mako cikin sa'o'i biyu ya koma kan hajarsa. Tare da sana'ar wani nau'in rubutu ya taso, wato rahotannin shekara-shekara kan sa'ar da ta fi dacewa a yi wallafa, waɗanda kamfanonin manhajojin da kansu ke fitarwa. Ya kamata a karanta su da taka-tsantsan, saboda matsakaicin lissafi ne da aka ciro daga abokan cinikin kowane kamfani, waɗanda akasarinsu ke Amurka da Turai, sau da yawa rahoton wannan yakan saɓa wa na wancan, kuma idan kowa ya bi shawara ɗaya sa'ar da aka yaba ita ce za ta fi cunkoso.

Shekarun 2012 zuwa 2014 ne suka koya wa sana'ar darasinta mafi tsada. A ranar 16 ga Yuni 2012 rufin dandamalin da aka kafa a filin Downsview na Toronto don wasan mawaƙan Radiohead ya rufta kafin a buɗe ƙofa, ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan ƙungiyar, ya jikkata wasu. Reshen kamfanin Live Nation da ya shirya wasan ya sanar a Twitter cewa an soke shi, amma jim kaɗan bayan haka wani saƙo da aka tsara tun da wuri ya fito daga asusun guda, yana gayyatar jama'a su turo hotunan da suka ɗauka a wasan na daren. Wata ɗaya bayan wannan, jim kaɗan bayan tsakar dare ranar 20 ga Yuli, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a gidan sinima a garin Aurora na jihar Colorado lokacin da ake nuna sabon fim ɗin Batman, ya kashe mutum 12, ya jikkata da dama, kuma da gari ya waye sai asusun wata mujalla ta ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ya fitar da gaisuwar barka da safiya ga maharba yana tambayarsu shirinsu na ƙarshen mako. An aika saƙon ta Hootsuite, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka tsara shi aka yi, ita kuma ƙungiyar ta ce mutum ɗaya ne da bai san abin da ya faru ba ya fitar da shi, daga bisani aka rufe asusun.

A watan Janairu na 2013 hukumar kula da ingancin abinci ta Ireland ta sanar cewa ta gano naman doki a cikin niƙaƙƙen naman da ake sayarwa da sunan na shanu, ciki har da wani samfuri na kantunan Tesco da aka samu kashi 29 cikin ɗari na namansa na doki ne. Ana tsakiyar wannan dambarwa, asusun kula da abokan ciniki na Tesco ya yi wa mabiyansa sallamar dare da wani salon magana na Turanci da ke nufin kwanciya barci amma lafazinsa yana ambaton busasshiyar ciyawar da ake bai wa dawaki, jama'a suka ɗauka ba'a ce, kamfanin kuma ya nemi afuwa yana cewa an tsara saƙon kafin a san halin da ake ciki. Wanda ya fi tayar da hankali ya zo a watan Satumba na 2014, lokacin da shafin 'yar wasan barkwanci Joan Rivers ya fitar da saƙo da muryarta yana yabon sabuwar wayar iPhone 6, makonni biyu bayan rasuwarta, kafin a yi gaggawar goge shi.

A duk waɗannan al'amura na'urar ta yi daidai abin da aka umarce ta, kuma maganar da aka ajiye ba ta da aibi a sa'ar da aka rubuta ta, duniya ce ta sauya kafin ta fito. Fushin jama'a ya yi tsanani ne saboda mai karatu yana ɗaukar saƙon Twitter a matsayin maganar mutumin da ke zaune yana ganin abin da kowa ke gani, don haka fara'a a ranar makoki takan zama rashin tausayi a idonsa. Gidajen rediyo ba su cika faɗawa wannan rami ba duk da yawan shirye-shiryen da suke naɗa, saboda a al'adance akwai ma'aikacin da ke zaune a ɗakin watsa shiri wanda zai iya yanke abin da ke tafiya, kamar yadda tashoshin Arewacin Najeriya sukan katse shirye-shirye su sanya karatun Alƙur'ani idan wani babba ya rasu. Wannan mai gadin ne masu tsara wallafa suka sallama ba tare da sun lura ba, kuma sai da suka dawo da shi. Bayan harin bam na gasar tseren Boston ranar 15 ga Afrilu 2013, inda tallace-tallace suka ci gaba da fitowa a tsakanin rahotannin jini, dakatar da layin saƙonni a ranar masifa ya zama ƙa'idar farko da ake koya wa sabon ma'aikaci, wasu manhajojin kuma suka tanadi maɓalli ɗaya da ke tsayar da komai. A shekarar ce kuma aka ga ɗaya gefen lamarin, lokacin da wuta ta ɗauke na tsawon minti 34 a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a New Orleans ranar 3 ga Fabrairu, ma'aikatan tallan biskit ɗin Oreo, waɗanda ke zaune tare da masu ikon amincewa a ɗaki ɗaya, suka fitar da saƙo kan duhun cikin 'yan mintuna, ya zagaya duniya fiye da tallace-tallacen da aka kashe miliyoyi aka shirya watanni.

Su kansu kafafen sun daɗe suna jan ƙafa kafin su karɓi al'adar. Facebook ya bai wa shafukan kamfanoni damar tsara saƙo har na watanni shida a gaba a watan Mayu na 2012, Twitter ya bai wa masu talla a 2013 amma sauran jama'a sai a 2020 suka samu a babban shafinsa. Instagram ne ya fi tsayawa kan bakansa, saboda an gina shi a 2010 a kan hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora nan take, kuma shekaru da dama ƙofarsa ba ta karɓar wallafa daga manhajar waje. Manhajoji irin su Latergramme, wadda aka kafa a Vancouver a 2014 daga baya ta koma Later, sai suka koma yin tuni kawai: idan sa'a ta yi wayar ta yi ƙara, mutum ya buɗe ya danna da hannunsa. Sai a watan Janairu na 2018 Instagram ya buɗe ƙofar ga asusun 'yan kasuwa, a Nuwamba 2022 kuma ya sanya damar a cikin manhajarsa har na kwanaki 75, yayin da TikTok ya fara da kwanaki 10 a 2021.

Kafin kafafen su gama amincewa da tsara lokaci, sun riga sun rage wa lokacin kansa daraja. Facebook ya bayyana a 2013 cewa duk sa'ar da mutum ya buɗe shafinsa akwai saƙonni kimanin 1,500 da za a iya nuna masa, amma wajen 300 kawai ake fifitawa, kuma mai zaɓen shi ne tsarin lissafi da ke auna abin da mutum ya saba dannawa da wanda ya saba tsallakewa. A 2012 kamfanin ya ce saƙon shafin kasuwanci yana kaiwa ga kashi 16 cikin ɗari na mabiyansa a matsakaici, a farkon 2014 kuma wani bincike na kamfanin talla na Ogilvy ya nuna adadin ya faɗi zuwa kusan kashi 6. A 2016 Twitter da Instagram suka bi wannan hanya, inda Instagram ya kafa hujja da cewa masu amfani da shi suna rasa kashi 70 cikin ɗari na abin da aka ɗora musu. A ƙarƙashin irin wannan tsari saƙon da aka fitar da ƙarfe takwas na safe yana iya isa ga mutum da yamma ko bayan kwana biyu ko ya ƙi isa sam, don haka hujjar farko ta al'adar, wato kama mai karatu a sa'arsa, ta raunana. Abin da ya rage mata, kuma ya ishe ta ci gaba da rayuwa, shi ne tsara aikin ma'aikata da tabbatar da cewa shafi bai yi shiru ba.

Akwai wani rauni da ya bi kamfanonin manhajojin tun daga haihuwa, wanda Hausawa suka riga suka faɗa da cewa kayan aro ba ya rufe katara, domin ƙofar da suke shiga ta wani ce. A 2012 Twitter ya ƙayyade yawan mutanen da wasu manhajojin waje za su iya ɗauka zuwa 100,000 sai da izininsa. A watan Oktoba na 2013 masu kutse suka shiga Buffer suka sace makullan da take amfani da su wajen aika saƙo a madadin mutane, suka watsa tallan maganin rage ƙiba a dubban shafuka, har kamfanin ya dakatar da duk wallafa na wani lokaci, abin da ya tunatar da kowa cewa bai wa manhaja izinin magana da sunan mutum amana ce mai nauyi. A Fabrairu 2018 Twitter ya haramta fitar da saƙo iri ɗaya daga asusu da yawa, saboda yadda aka yi amfani da wannan hanya wajen ruruta farfagandar siyasa da asusun bogi, a watan Agusta na shekarar kuma, bayan badaƙalar kwashe bayanan mutane ta kamfanin Cambridge Analytica, Facebook ya hana manhajojin waje wallafa komai a shafin mutum na ƙashin kansa. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoba 2022, a 2023 aka kawo ƙarshen yawancin amfani da ƙofar kyauta, aka sanya dala 100 a wata ga ƙananan masu gini da dubun-dubatar daloli ga manya, TweetDeck kuma aka sauya mata suna zuwa X Pro aka keɓe ta ga masu biyan kuɗi. A shekarar ce Buffer da Hootsuite suka ƙara wa manhajojinsu ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta saƙon da kanta, ta yadda a yau ana iya samun maganar da na'ura ta tsara kuma na'ura ta saki, ba tare da wani ya karanta ta da natsuwa ba.

A ƙasar Hausa al'adar ta tarar da dalilai nata na gida. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sabis yakan yi rauni da rana, kamfanonin waya kuma suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare, ɗora bidiyo da dare a sanya masa sa'ar safe yana rage kashe kuɗi, kuma yana kare mai shafi daga mutuwar batir a lokacin da ya kamata ya yi magana. Masu karanta Hausa kuma sun bazu a agogo dabam-dabam, domin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna sa'a ɗaya, Ghana tana bayansu da sa'a guda, Sudan tana gaba da sa'a guda, Saudiyya da sa'o'i biyu, ga mazauna Birtaniya da Amurka da ke matsar da agogonsu sau biyu a shekara. Sai dai babbar kasuwar ƙananan masu sayar da atamfa da turare da kayan ƙamshi tana WhatsApp ne, wanda ya daɗe ba shi da hanyar ajiye saƙo a manhajarsa ta yau da kullum, saɓanin Telegram da ya sanya ta tun 2019, don haka mafi yawan tallan da ake ɗorawa a can da hannu ake yin sa.

Akwai kuma iyakar da manhajojin da aka gina a Vancouver da Birmingham ba su yi lissafi da ita ba, saboda da kalandar Miladiyya suke aiki, wadda ake sanin kwanakinta shekaru kafin su zo. Lokacin buɗa-baki yana matsawa da mintuna daga rana zuwa rana, kuma rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin sa'a kafin ta faɗi a Sakkwato, don haka saƙon barka da shan ruwa da aka sanya wa sa'a ɗaya zai iske wasu sun daɗe da sha, wasu kuma da sauran azumi a bakinsu. Babbar Sallah tana da sauƙi, tunda da zarar an ga watan Zulhajji an san ranar goma ga wata. Watan Ramadan kuwa yana iya yin kwana 29 ko 30, ba a sanin wanne sai a daren da aka fita duba, kuma wani lokaci Nijar da Najeriya sukan yi Sallah a ranaku dabam. Duk bankin ko kamfanin waya ko ofishin gwamnatin da ya sanya wa gaisuwar Ƙaramar Sallah rana tun mako guda kafin lokaci ya yi caca ne da mutuncinsa a gaban masu azumi, kuma hanyar da ta dace a Najeriya ita ce a rubuta saƙon a ajiye shi ba tare da sa'a ba, a jira sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, sannan mai kula da shafi ya sake shi da hannunsa.